Shekarun da Harisu Ya Bari a Mashi

Shekara goma sha ɗaya cur Harisu Kabo ya yi yana aske gemu sau biyu a rana, kuma ba tsafta ce ta dame shi ba. Gemun ne ya ƙi yarda da abin da aka rubuta a takarda.

A kasuwar Mashi aka tsinto shi, yana lodin buhunan gero a babbar mota. Wanda ya tsinto shi wani ɗan Kano ne mai suna Dabo, dillalin 'yan wasa, irin mutanen nan da in sun kalli mutum ba sa ganin fuskarsa, sai tsawon hannunsa. Dabo ya tsaya da lemo a hannu yana kallon wani zanƙalelen saurayi da ke miƙa buhu saman mota ba tare da ya taka komai ba. Ya kira shi gefe, ya sa ya buɗe tafin hannunsa, ya zagaya shi kamar mai taya bijimi, sannan ya tambaye shi shekarunsa. Harisu ya ce Inna ta ce ashirin da uku.

"Inna ta yi kuskure," in ji Dabo. "Sha biyar gare ka. Ka ji ni ko? Wasan ƙwallon kwando ba ya son tsoho."

Cikin mako guda aka yi takardar rantsuwa, aka datse shekara takwas aka yar. Abin da ya gagari datsewa shi ne matar Harisu, Madina, da ɗansu ɗan shekara biyu, Hafizu. Dabo ya ce wannan ma mai sauƙi ne: ɗan shekara sha biyar ba shi da mata balle ɗa, a bar su a ƙauye, baki kuma ya rufu.

Rufe bakin bai yi wa Harisu wuya ba, don al'ada ta riga ta rufe masa shi. Hafizu ɗan fari ne. A gidansu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, in an tambaye ka shi sai ka kau da kai ka ce ƙanenka ne, kowa ya yi dariya ya gane. Tun ranar yaye Inna, mahaifiyar Harisu, ta ɗauke yaron zuwa ɗakinta. Ya tashi yana kiran ubansa Yaya, kamar yadda 'ya'yan fari da yawa ke yi. Wasu iyayen kunyar tana yi musu nauyi, suna ɓoye son a ciki yana cin su. Shi Harisu riga ce ya samu daidai wuyansa, ya saka.

Ya je Kano, aka sa shi cikin ƙungiyar yara. Kada a ce ya yi wa yara fin ƙarfi, don rabinsu ma sun baro iyali a gida. Amma Allah ya ba shi jiki, ya kuma ba shi naci. Mutumin da bai taɓa riƙe ƙwallo ba sai da ya haihu, cikin shekara biyu ya zama shi ne katangar da ake dogara da ita a ƙarƙashin kwando. Ya ci lambar zinare ta matasa. Daga Kano sai Legas, daga Legas sai wani kulob a Tunis, inda ya yi shekara huɗu yana cin taliya yana kewar fura. In aka sa shi a rediyo, labari ɗaya yake bayarwa, har ya haddace inda zai sassauta murya: shi maraya ne, mahaifinsa ya rasu a shekarar dubu biyu da ɗaya, ya bar shi yana ɗan shekara takwas. Rabin maganar gaskiya ce. Tsohon ya rasu a shekarar, sai dai marayan da ya bari na cikin waɗanda suka haƙa kabarin.

Gwiwa kuwa ba ta karatu. Wata ranar Asabar ya tashi sama ya dawo, gwiwar hagu ta ce ita fa nan ta tsaya. Jaridu suka yi ta juyayin matashi ɗan shekara ashirin da shida da ƙaddara ta katse wa hanzari. Likitan da ya duba hoton ƙashin ya kalli fasfo, ya kalli Harisu, ya sake kallon hoton. Haka Harisu ya dawo gida da ɗingishi, da akwati biyu, da usur a wuya.

A Daura ya zauna. Ya ɗauko Madina da 'yarsu ƙarama Raihana, ya sami wani filin siminti a bayan tsohuwar firamare, ya sa aka yi masa waldar kwando biyu, ya zama Koci Harisu. Ya iya aikin, wannan ba a ƙwace masa ba. Cikin shekara huɗu ya tura samari biyu kulob a Kano. Amma horonsa horon mugunta ne. Wanda ya zubar da ƙwallo sau uku zai cire takalmi ya zagaya simintin da tsakar rana, a watan da ko kare ba ya taka ƙasa. Wanda ya yi kuka sai a sa sauran su tafa masa. Iyaye na kawo ƙara, yana ce musu haka aka yi masa. Ba haka aka yi masa ba. Haushin filin yake ji, da allon kwandon da ya tsage, da awakin da ke ratsawa ana tsakar wasa, da 'yan acaɓar da ke tsayawa a bakin hanya suna cewa ga wanda ya je Turai ya dawo. Ko Turan ma bai kai ba, iyakarsa Tunis.

Hafizu ya iso gidan ne bayan rasuwar Inna, yana da shekara goma sha uku, doguwar ƙafa da shiru. Babu wanda ya gayyace shi filin. Ya fara da tsintar ƙwallo, sai wata rana aka ga ya tsaya can nesa, inda manya ma ba sa gwadawa, ya saki ƙwallo da hagu, ta faɗa kwando ko ƙarfen ba ta taɓa ba. 'Yan kallo suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Harisu ya ji daɗi, daɗi na gaske, har cikin ƙashinsa. Kafin daɗin ya gama sauka sai ɗaci ya biyo bayansa, don yaron na da abin da shi bai taɓa samu ba: ya fara da wuri, kuma shekarunsa nasa ne. Daga ranar, in sauran sun zagaya fili sau goma, Hafizu sau ashirin zai yi. Harisu ba ya kiran sunansa. "Kai mai hagu," ko "wancan." Mutane suka ce kai, Koci akwai kunyar ɗan fari.

A shekarar da Hafizu ya cika sha bakwai wata gidauniya mai zaman kanta, Gidauniyar Tsani, ta aiko da sanarwa har Daura. Ƙofa biyu ta buɗe. Ta farko ta yara ce 'yan ƙasa da shekara sha takwas, za a zaɓi guda daga kowace shiyya a kai shi makarantarsu ta ƙwallon kwando a Legas, karatu da ci da sha duk a wuyansu. Ta biyu ta masu horarwa ce 'yan ƙasa da talatin da biyar, kwas na shekara guda a Sifen. Harisu, wanda ke dab da arba'in, a takarda talatin gare shi. A ranar ya cike fom ya haɗa da hoton fasfonsa.

Sai da ya aika sannan lissafin ya faɗo masa, yana tsakar alwala. Hafizu na da takardar haihuwa, kuma ta gaskiya ce. Naƙudarsa ta zo wa Madina da gardama aka kai ta asibitin Mashi, malamar asibiti ta cike kati da biro: ranar kaza, uwa Madina, uba Harisu Kabo. Madina ta adana shi a ƙasan kwalla, ƙarƙashin zanen aurenta, shekara goma sha bakwai ko ɗigon mai bai taɓa shi ba. In wannan kati ya hau tebur ɗaya da fasfon Harisu, ko ɗan aji uku zai gane cewa Koci ya haihu yana ɗan shekara goma sha uku.

Don haka da ya rubuta sunayen samari goma da za su yi gwaji, bai sa na Hafizu ba.

Madina ta tare shi da safe yana ɗaura takalmi a bakin ƙofar ɗaki. Mace ce da ba ta da yawan magana, ta shekara goma sha ɗaya tana jiran miji a ƙauye ba ta ce uffan ba.

"Baban Raihana, na ji an kafe sunaye. Ban ji na Ɗan Inna ba."

"Bai isa ba tukuna."

"Bai isa ba? Yo ai ko masu tallar gyaɗa sun san ya fi su duka."

"Ke kika yi wasan ko ni? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A bar shi sai baɗi."

"Baɗi ya wuce sha takwas ɗin."

Harisu ya ja igiyar takalmi har ta tsinke. Ya fita bai sha kokon da ta dama ba. Madina ta shiga ɗaki ta sauke kwalla. Ba ta san lissafin mijinta ba, ba ta taɓa ganin fasfonsa a buɗe ba. Ita a zatonta kunya ce ta yi masa yawa, ta ce bari ta ɗauke masa nauyin. Ta ba Hafizu katin, ya je shagon kwamfuta kusa da tasha ya cike fom ɗin da kansa, tunda sanarwar ta ce kowa na iya nema.

Ranar gwaji motar gidauniya ta iso da hantsi. Wadda ta fito daga ciki Hajiya Zubaida Anwar ce, 'yar Zariya, doguwa, mai farin tabarau, ita ma tsohuwar 'yar wasa. Ta gaisa da Harisu cikin girmamawa, ta ce ta sha jin sa a rediyo, kuma takardunsa na kwas suna cikin jakarta, ita za ta sa musu hannu. Ta buɗe fayil ta fara kiran sunaye. Goma suka fito. Ta juya shafi.

"Hafizu Harisu."

Yaron ya fito daga bayan 'yan kallo sanye da rigar da Madina ta wanke ta goge. Bai kalli ubansa ba. Da Harisu mutumin kirki ne, nan zai ja Hajiya gefe ya faɗa mata komai. Shi kuwa sai ya ja Yazid gefe, wani ƙaton saurayi mai ƙashin awaza kamar na bijimi, ya ce masa a kunne, "Mai hagun nan naka ne. Kada ka bar shi ya numfasa. Ni ke riƙe da usur."

Yazid ya yi aikin da aka sa shi. Gwiwar hannu a haƙarƙari, kafaɗa a ƙirji, taka ƙafa in an tashi sama. Usur na wuyan Harisu kamar an toshe shi da ƙullu. Cikin minti goma leɓen Hafizu ya fashe, jini ya ɓata gaban rigar. Ya tofar, ya ja da baya taku biyu inda Yazid ba ya iya biyo shi, ya dinga sakin ƙwallo. Ta shiga. Ta sake shiga. Ya yi kamar zai jefa, Yazid ya tashi sama, ya zille ta ƙarƙashinsa ya ajiye ta a kwando a hankali kamar mai ajiye ƙwai. 'Yan acaɓa suka bar baburansu a bakin hanya suka matso. Hajiya Zubaida ta daina rubutu tun tuni, kallo kawai take yi.

Bayan azahar ta nemi a ba ta aji guda. Ta zauna a teburin malami, ta sa aka kira Koci da yaron. Hafizu ya tsuguna kusa da ƙofa. Harisu ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa. Ta zaro takarda biyu ta jera su gefe da gefe: hoton fasfo, da kati mai ruwan ƙasa wanda ya sha ninki.

"Koci, yaron nan shi na zaɓa. Na zagaya jiha uku ban ga irinsa ba. Amma ga matsala." Ta ɗora yatsa a kan kowace. "Wannan ta ce kai ne ubansa. Wannan ta ce shekararka goma sha uku sa'ad da aka haife shi. Ɗaya daga cikinsu ƙarya take yi. Dokarmu kuma ka san ta: mai takardar jabu sunansa na shiga baƙin littafi, duk kulob ɗin da ke hulɗa da mu za a aika masa."

"Hajiya, ai ƙanena ne," in ji Harisu, da 'yar dariyar da ya saba yi wa maganar.

Ba ta taya shi dariyar ba. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Ni ma 'yar fari ce. Har mahaifina ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, kuma babu wanda ya so ni kamarsa. Na san kunya, Koci. Amma nan ba zaure ba ne, ba kuma surukanka ne ke tambaya ba. Ajiye al'ada gefe minti ɗaya. Ɗan cikinka ne, ko ba ɗanka ba ne?"

Kada wani ya ce suɓutar baki ce. An ba shi lokaci, ya kuma yi amfani da shi. Ya ga jirgin Sifen. Ya ga lambar zinaren da ke rataye a falonsa ana aikowa a karɓe ta. Ya ga kansa a wannan fili har tsufa, yana korar awaki, 'yan acaɓa na nuna shi da baki. Ya kuma ga yaron, don yana gabansa, da busasshen jini a leɓe da hannaye irin nasa sak a kan gwiwa. Duk ya auna, ya san nauyin kowanne. Tsoro ya ji, da son kai, kuma son kan ya fi yawa.

"Ba ɗana ba ne. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Madinar da aka rubuta a nan fa?"

"Matata ce. Ita ta sa aka yi masa katin, don tausayi. Kin san mata. Ban sani ba sai yau, shi ya sa ma ban sa sunansa ba."

"Ina uwarsa? In tana kusa a kira ta kafin motarmu ta tashi."

"Ta rasu shekara huɗu ke nan."

Hajiya Zubaida ta juya biro a hannunta. "Mahaifinku ya rasu a dubu biyu da ɗaya, ka sha faɗa a rediyo. In uba ɗaya kuke, yaron nan ya haura ashirin da biyu ke nan." Ta juya wajen ƙofa. "Hafizu, kai me ka ce?"

Harisu bai waiwaya ba, amma bayansa duk ya zama kunne. Kalma ɗaya ta isa. Gidan ba shi da nisa, acaɓa zai kai ya dawo da Madina kafin a sha ruwa. Sai dai yaron Inna ce ta rene shi, kuma Inna ba ta koya masa yadda ake ƙaryata uba a gaban baƙo ba. Hafizu ya kalli siminti.

"Ba ni da ta cewa, Hajiya."

Ta dube shi, ta dubi Harisu, ta tsayar da ido a haɓarsa, inda askin safe ya fara tsirowa.

"Koci, akwai furfura a gemunka."

"Gado ne, ranki ya daɗe."

Ta gane, ko shakka babu. Amma a gabanta fasfo ne mai hatimin ƙasashe da tarihin wasa na shekara goma sha biyar, ga kuma katin asibitin ƙauye da aka cike da biro, wanda mai shi ma ya ƙi tsaya masa. Ta ɗauki jan biro ta ja layi biyu a kan katin daga kusurwa zuwa kusurwa, ta rubuta a tsakiya, ta miƙa wa Hafizu. Ya karɓa da hannu biyu. A duk samarin da suka yi gwaji a ranar, shi kaɗai ne shekarunsa na takarda suka yi daidai da na Allah. Aka ɗauki wani yaro daga Baure.

Kafin la'asar labari ya zagaya fili. Samarin da Hafizu ya kunyata da safe suka samu abin yi. "Sannu Baba Hafizu." "Tsoho, ina jikoki?" Harisu na tsaye yana ji. Da ya ga 'yan kallo na dubansa suna jiran abin da zai yi, sai ya busa usur, karo na farko a ranar, ya tara su, ya ce filinsa ba ya ɗaukar maƙaryaci, mai hagu ya ajiye riga ya fita. Yaron ya cire rigar mai jini, ya ninke ta, ya ajiye a gindin kwando, ya tafi da singileti.

Harisu ya yi ta yawo a gari har rana ta yi sanyi, ya sha shayin da ba ya so, ya shirya maganar da zai faɗa. Da ya shiga gida ya tarar da murhu a kashe. Madina na zaune a kan tabarma, katin na kan cinyarta, Raihana na gefe da ƙullin kaya.

"Ki saurare ni," ya ce. "Shekara ɗaya ce. In na dawo daga Sifen ina da hanya, ina da mutane. Zan yi masa sabuwar takarda da sabon suna, a rage masa ko shekara uku ne. Haka kowa ke yi."

"Ka kashe ta gaskiya, za ka yi masa ta ƙarya."

"Ba za ki gane ba."

"Na gane. Shi bai faɗa mini komai ba, ko kuka bai yi ba. Mai gadin makaranta ne ya ji ta taga, matarsa ta zo yi mini jaje." Ta shafa jan layin da ɗan yatsa kamar zai goge. "An ce ni na yi jabu. Wannan na yafe. Amma na ji an ce uwarsa ta rasu."

"Magana ce kawai ta fita."

"To Allah ya ji ƙanta. Matacciya dai ba ta tuwo, Baban Raihana."

Ta miƙe ta ɗauki kwallarta. Hafizu ya riga ya yi gaba da sauran kayan zuwa tasha. Harisu ya tsaya a tsakar gida, kansa na kusa da taɓa igiyar shanya, bai hana su ba. Wani ɓangare na zuciyarsa ma sauƙi ya ji, don shaidu sun bar gari.

Wasiƙar Sifen ta zo bayan wata biyu. Aka yi masa walima a filin, shugaban matasa ya yi jawabi ya kira shi abin koyi. Ya sayi rigar sanyi a gwanjo, ya aske gemu har fatar ta yi ja. Dole sai ya biya ta Katsina ya karɓi wata takarda kafin ya wuce, don haka ya shiga motar haya, ya biya kujerar gaba shi da wani dattijo mai carbi, ya karkace ƙafafunsa yadda za su shiga.

Bai tuna ranar kasuwar Mashi ba ce sai da motar ta cushe cikin jama'a da dabbobi. Direba ya tsaya sauke fasinja daidai inda manyan motoci ke lodi. Harisu ya so ya kalli gabansa, idonsa ya ƙi. A bayan wata babbar mota wani dogon saurayi ke miƙa buhun gero sama ba tare da ya taka komai ba. Ƙura ta yi masa fari a gashi da gira. Ya rame, kafaɗunsa sun faɗaɗa, kuma da hagu yake tura buhun.

Abin da ya taso wa Harisu a ƙirji ba shi da kyan gani, nadama ce da ta zo a makare tana neman a tausaya mata. Ya leƙa ta taga. Shekara goma sha bakwai bai taɓa furta sunan ba, sai ya ji shi baƙo a bakinsa.

"Hafizu."

Saurayin ya juyo. Ya sauke buhun, ya karkaɗe hannu, ya tako har bakin motar ya rusuna, yadda Inna ta koya masa.

"Koci. Barka da hanya."

"Ina... ya mutanen gidan?"

"Lafiya lau suke."

"Zan dawo. In na dawo za mu yi magana."

"Allah ya kiyaye hanya."

Dattijon mai carbi ya leƙo, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya washe baki.

"Ikon Allah. Malam, wannan ai ba sai an tambaya ba, kamar kai ka yi kaki ka tofar. Samari, babanka ne ko?"

Harisu ya buɗe baki. Wannan karon ya yi niyyar faɗa, a nan inda faɗar ba za ta ci masa komai ba. Hafizu ya riga shi, cikin ladabi, muryarsa ko rawa ba ta yi.

"A'a, Baba. Ni mahaifina ya rasu shekara biyar kafin a haife ni."

Dattijon ya tsaya da carbi a hannu yana ƙoƙarin haɗa lissafin. Hafizu ya miƙe ya koma wajen buhunansa. Direba ya ce wa Harisu ya ɗan janye gwiwarsa, ta tokare giya.